DAGA MARINA ZUWA BARIKIN DODAN DA ƘAFA

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Ikko suna ratsa Onikan da Obalende kullum a mota, ba su san cewa daga wannan ɗan yanki, wanda bai fi mil uku ba, aka tafiyar da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ba. Ikko ce hedkwatar ƙasa a lokacin, kuma ta ci gaba da zama haka har Disamba 1991 da gwamnati ta koma Abuja. Mai son gani da idonsa ya fito da sassafe kafin rana ta yi zafi.

A fara daga babbar majami'ar Marina. A nan aka ɗaura auren Janar Yakubu Gowon a Afrilu 1969, ana tsakiyar yaƙi, abin da wasu suka yi ta tsegumi a kai. Daga nan a miƙe zuwa Dandalin Tafawa Balewa, tsohon filin sukuwa, inda aka sauke tutar Ingila a 1960.

Gaba kaɗan sai gidan tarihi na Onikan. To, a nan ya kamata a daɗe. A ciki aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, ga ramukan harsashi a jikinta. Mutane sun fi tuna shi da mulkinsa na wata shida, amma Ikko ta san shi tun kafin nan. A Agusta 1967 sojojin Biyafara sun ƙetare Kwara, suka kama Benin, suka iso har Ore, hanya ta miƙe sai Ikko. Runduna ta Biyu, wadda aka harhaɗa cikin gaggawa aka ba Murtala, ita ta kore su, ta karɓe Benin a Satumba. A Oktoba na shekarar kuma wani jirgin saman Biyafara da ya zo jefa bom ya tarwatse a sararin birnin.

Daga Onikan a bi titin Awolowo. Mai sunan shi ne kwamishinan kuɗi a lokacin, kuma a hannunsa aka canza takardun kuɗin ƙasa a Janairu 1968, kuɗin da ke hannun Biyafara suka tashi daga aiki. A ganina wannan canji ya yi aikin da bataliya guda ba za ta yi ba, ko da yake talakawan can su ma sun ji jiki ƙwarai.

Ƙarshen tafiya shi ne Barikin Dodan, kusa da Obalende. Sunan ya samo asali ne daga wani wuri a ƙasar Bama inda sojojin Afirka ta Yamma, da yawansu 'yan Arewa, suka yi yaƙin duniya na biyu. Gowon yana ɗan shekara 31 ya karɓi mulki a 1966, kuma daga wannan bariki ya yi mulkinsa. A nan Philip Effiong ya zo ya miƙa wuya ranar 15 ga Janairu 1970, Gowon ya rungume shi, ya kuma shelanta cewa ba wanda ya ci, ba wanda aka ci.

Har yanzu barikin soja ne, saboda haka a tsaya daga nesa, kada a fito da waya a ce za a ɗauki hoto. Masu tsiren Obalende kuwa sai yamma suke hura wuta.