Tsohuwar Bas a Titin Grand Concourse

A arewacin birnin New York akwai wani yanki da a ke kira Bronx. Babban titin da ya ratsa yammacinsa daga kudu zuwa arewa shi ne Grand Concourse. Wani injiniya haifaffen Faransa, mai suna Louis Risse, shi ya tsara shi, yana kwaikwayon babban titin nan na birnin Faris, watau Champs-Élysées. An buɗe shi cikin watan Nuwamba na 1909. Tsawonsa yanzu ya fi mil 5, faɗinsa kuwa wajen ƙafa 180, har in mutum ya tsaya a wannan gefe ba ya gane fuskar wanda ke wancan gefen sai ya ƙura ido.

Masu shirya finafinai suna son wannan titi, dalili kuwa shi ne gidajensa. Yawancinsu benaye ne masu hawa biyar ko shida, an gina su tsakanin 1920 da 1940, lokacin da Yahudawa da sauran masu ɗan hali su ke ƙaurowa daga cunkoson Manhattan. Da yawa an yi musu ado a fuska irin na salon da a ke kira Art Deco, kamar dai yadda magina ke zana soron attajiri a Kano ko Zariya, sai dai su da bulo da ƙarfe da gilashi su ka yi nasu. Babban ɗakin shari'a na Bronx yana nan tsaye a mahaɗar titi na 161 tun 1934. Can arewa kusa da Fordham Road ga gidan silima na Loew's Paradise, wanda aka buɗe a 1929, mai ɗaukar mutum kusan 4,000, da rufinsa wanda aka yi kamar sararin sama da taurari. An daina nuna fim a cikinsa a 1994, amma ginin yana nan. A 2011 hukumar birni ta sa wani sashe na titin cikin wuraren tarihi, ba mai ikon sāke fuskar gidansa yadda ya ga dama.

To, amma ga inda wuyar ta ke. Gini ba ya faɗin shekara. In aka ɗauki hoton ɗaya daga cikin benayen nan ba kowa a gabansa, ba mai iya rantsewa ko a 1940 aka ɗauka, ko a 1975, ko jiya. Mai fim kuwa dole ne ya sanar da masu kallo zamanin da labarinsa ya faru, tun kafin 'yan wasa su buɗe baki. Wanda ke shirya fim na zamanin dā a ƙasar Hausa ya fi shi sauƙi ta wani fanni. Sa'ad da Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar fim a 1976, doki da raƙumi da rawani ya ke bukata, su kuwa ba su sāke kama ba, dokin bana da na zamanin Rabe duk ɗaya ne a ido. Mota ba haka ta ke ba. Ko wane zamani da irin tasa, kuma a cikin motoci babu wadda ta kai bas tona asirin shekara. Ga ta da girma, ta cika hoto. Ga sunan kamfani da lamba da sunan unguwar da za ta a rubuce a jikinta. Sa'an nan ƙaramar mota mai ita kaɗai ya san cikinta, amma bas duk mutanen gari sun shige ta, sun san warin kujerarta.

A Grand Concourse ba a taɓa shimfiɗa dogon taragun lantarki bi da tsawon titin ba, kamar yadda aka yi a sauran manyan titunan Bronx. Bas ce ta fara jigila a kansa a 1921, jirgin ƙarƙashin ƙasa bai zo ba sai 1933. Hanyoyin nan biyu da a ke kira Bx1 da Bx2 har yanzu su ke bin sa. Kamfanonin 'yan kasuwa ne su ka riƙe su shekara da shekaru, wanda ya fi daɗewa shi ne Surface Transportation, mai motoci masu fentin ja da ruwan madara. A 1962 direbobi su ka yi yajin aiki, hukuma ta ƙwace hanyoyin, ta kafa ma'aikatar da a ke kira MaBSTOA, aka mai da motocin kore. Bayan 1970 aka koma shuɗi, daga baya kuma fari mai ratsin shuɗi. Saboda haka fenti kaɗai ya isa ya gaya wa tsohon ɗan Bronx ko fim ya yi gaskiya.

Bayan fenti sai ƙira. Kamfanin General Motors ne ya ƙera yawancin bas-bas na biranen Amurka a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, iri biyu kuwa su ne a ke yawan gani a fim. Ta farko an fara ta a 1940. Jikinta a dunƙule ya ke kamar burodi, tagoginta ƙanana, da waɗansu 'yan mitsi-mitsi a bisansu domin wanda ke tsaye ya leƙa ya ga inda aka kawo. Cikinta da duhu-duhu. Ta biyu ta fito a 1959, ita ce a ke yi wa laƙabi da Fishbowl, watau tulun gilashin da Turawa ke kiwon kifi a ciki don sha'awa, saboda gilashin gabanta gutsure shida ne aka haɗa ya kumbura, direba yana zaune ciki kowa na ganinsa. Tagogin gefenta a karkace su ke, kamar iska ta tura su. An ƙera fiye da 44,000, ta ƙarshe a Kanada a 1986. Masu ɗaukar hoto sun fi ƙaunar wannan, don haske yana shiga ta ko'ina, a kan iya ganin fuskar direba sarai daga waje. Irinta ce aka yi amfani da ita a fim ɗin Speed na 1994, wanda aka ɗana wa bas bom a Los Angeles, in gudunta ya kāsa mil 50 a sa'a ta tashi. Ƙirar 1966 ce, watau ta kusa shekara 30 lokacin da ta yi suna.

Dukansu biyu injinsu a baya ya ke, na dizal, yana da wani gurnani nasa wanda in mutum ya taɓa ji ba ya mantawa. Sau da yawa ba a bar injin yana aiki sa'ad da a ke ɗaukar magana a ciki, don ƙararsa za ta danne muryar 'yan wasa. Sai a ja bas ɗin da wata mota, daga baya a ɗora ƙarar.

Abin da ya fi kama masu fim kuwa ƙananan abubuwa ne na ciki. Allon gaba mai nuna inda mota ta nufa, a dā dogon ƙyalle ne a naɗe, direba ke murɗa shi da hannu. Igiya ce ke bin saman tagogi, mai son sauka ya ja, ƙararrawa ta kaɗa. Bas ɗin New York ta wannan zamani ba ta da yaron mota, direba shi ke tuƙi, shi ke lura da akwatin kuɗi, shi ke ba da canji. Amma daga ƙarshen watan Agusta na 1969 aka hana shi riƙe canji, saboda 'yan fashi sun matsa wa direbobi, aka ce kowa ya zo da kuɗinsa daidai. Kuɗin shiga kuwa santi 15 ne daga 1953, ya koma 20 a 1966, ya koma 30 a 1970. In fim ya ce labarinsa na 1972 ne, aka ga direba yana ƙirga wa fasinja canji, to ramin ƙarya ƙurarre ne. Akwai kuwa mutane a Amurka waɗanda ba su da abin sha'awa sai wannan, su kan tsai da fim su karanta lambar bas, su faɗi shekarar da aka ƙera ta da garejin da ta kwana.

Ina a ke samun waɗannan motoci bayan an daina aiki da su? Waɗansu suna hannun masu sha'awa da su ka saye su kafin a kai su wurin 'yan gwangwan. Waɗansu na kamfanonin da sana'arsu ke nan, ba da hayar tsofaffin motoci ga masu fim, a shafa musu fentin garin da a ke so, a liƙa tallace-tallacen zamanin a ciki. Hukumar sufurin New York ma ta ajiye nata, ta kan fito da su a bikin bas na gidan tarihin sufuri da ke Brooklyn. A cikinsu akwai mai hawa biyu da a ke kira Betsy, da mai lamba 3100 ta 1956, wadda aka fara gwada na'urar sanyaya iska a cikinta. Ranar ɗaukar fim 'yan sanda su kan tare titi, da izinin ofishin da magajin gari John Lindsay ya kafa a 1966 domin wannan aiki. A kwashe motocin yau, a cire alamun hanya, abin da ya gagara cirewa kuwa, kamar faifan talabijin a kan soraye, a goge shi da kwamfuta.

Akwai fim ɗin da bai bukaci ko ɗaya daga cikin wannan wahala ba, shi ne Marty, wanda aka ɗauka a titunan Bronx a 1954, har da Grand Concourse. Labarin wani mahauci ne tuzuru, ɗan shekara 34, wanda uwarsa da masu sayen nama su ka dame shi da zancen aure. Ya haɗu da wata malamar makaranta a gidan rawa, ya raka ta gida da dare, ya zo wurin jiran bas. Murna ta hana shi tsayawa, ya kai wa allon tashar naushi, ya faɗa tsakiyar titi yana neman tasi. Motocin da ke wucewa a bayansa ba wanda ya yi hayarsu, harkarsu su ke yi. Fim ɗin ya ci babbar kyautar Oscar, yau kuwa masu shirya finafinan zamanin dā su kan koma gare shi da irinsa su ga yadda titi ya ke da gaske.

A Bronx Tale na 1993 dabam ne. Robert De Niro ya shirya shi, ya kuma fito a matsayin Lorenzo, direban bas a unguwar Belmont, gabas kaɗan da Grand Concourse. Chazz Palminteri ne ya rubuta labarin, mahaifinsa kuwa direban bas ne da gaske. Yaro ne ya tashi tsakanin mutum biyu, ubansa mai cin guminsa, da wani ƙasurgumin ɗan daba mai kuɗi da ke riƙe da unguwa. An yi wa Lorenzo tayin kuɗin banza ya ƙi. A cikin bas ya ke yi wa ɗansa faɗa da nasiha, yaron na zaune bayan kujerarsa, a cikinta kuma yaron ya fara ganin yarinyar da ya so, baƙar fata, a 1968, lokacin da irin wannan soyayya ta kan jawo jini. In aka cire bas daga wannan fim, uban ba shi da fada, ɗan daba kuwa yana da mashayarsa. Amma fa yawancin fim ɗin ba a Bronx aka ɗauke shi ba, a yankin Queens ne. Tsohuwar bas da sunayen unguwanni su su ka ba da shaida cewa nan Bronx ne, masu kallo kuwa su ka yarda.

Har gidan tarihi ma ya taɓa bin fim a baya. Direban bas da ya fi kowa suna a Amurka shi ne Ralph Kramden na wasan talabijin The Honeymooners, wanda Jackie Gleason ya yi a 1955 da 1956. Kusan duk wasan a ɗaki ɗaya a ke yinsa, ba a nuna shi yana tuƙi, sai a hoton talla kawai aka ɗauke shi a tagar wata bas mai lamba 2969. Bas ɗin da ke ɗauke da wannan lamba yau a cikin motocin tarihi na New York ba ita ce ta hoton ba, 'yar'uwarta ce aka sāke wa lamba. Duk da haka mutane su kan yi layi su hau ta. A 1988 aka sa wa wani garejin bas a Brooklyn sunan Gleason, mutumin da bai taɓa ɗaukar fasinja ko ɗaya ba.

Akasin wannan ita ce mai lamba 2857 ta birnin Montgomery, ƙirar General Motors ta 1948, wadda Rosa Parks ta ƙi tashi ta ba Bature kujerarta a ciki ran 1 ga Disamba 1955. Ta yi shekaru a yashe a wani fili a Alabama, an mai da ita rumbun ajiye kaya. Masu fim ɗin The Long Walk Home na 1990 su ka are ta, da ya ke ba ta iya tashi sai da igiya aka ja ta. A 2001 gidan tarihi na Henry Ford ya saye ta a gwanjo, ya gyara ta.

Mutanen Grand Concourse sun sāke fiye da sau ɗaya tun zamanin Marty. Yahudawa da Italiyawa sun watse bayan 1960, da yawa su ka koma sababbin gidajen Co-op City da aka fara shiga a 1968. Baƙaƙen Amurka da mutanen Puerto Rico da na Dominika su ka maye gurbinsu, daga baya kuma mutanen Afirka ta Yamma, har da 'yan zango na Gana da mutanen Nijar, har ya zama ba abin mamaki ba ne a ji ana gaisawa da Hausa a cikin Bx1 ranar Jumma'a. Bas ɗin da yawancin waɗannan baƙi su ka tarar sa'ad da su ka iso ita ce RTS, fara mai ratsin shuɗi da baƙin gilashi, wadda ta fara aiki a New York a 1981. An sallami ta ƙarshe cikin watan Mayu na 2019. Duk wanda zai shirya fim a kan zuwansu Bronx a shekarun 1990, sai ya je ya yi hayarta.