Kumfa Ba Ita Ce Tsafta Ba

A kasuwanninmu sabulun da ba ya kumfa ba ya ciniki. Mai wanki da guga, yaron da ke wankin mota a bakin titi, uwargida da ke sayen sabulun ruwa a robar lemo, duk da ido suke auna kyan sabulu: in kumfa ta cika bokiti, sai a ce yana da ƙarfi. Masu haɗawa sun san haka, shi ya sa suke ƙara sinadaran kumfa fiye da yadda wanki yake bukata. Alhali aikin tsafta a cikin ruwa ake yin sa. Kowace ƙwayar sinadarin wanki tana da kai mai son ruwa da jela mai son maiƙo. Jelar ta riƙe dauɗa, kan ya ja ta cikin ruwa, ɗauraya ta tafi da ita. Kumfa kuwa iska ce da ta maƙale a saman ruwa. Garin sabulun da ake zuba wa injin wanke kwanuka da gangan ake yin sa ba ya kumfa, kuma kwanukan fes suke fitowa.

Sinadarin kumfa da ya fi suna shi ne wanda ake rubuta wa SLS a jikin man goge baki da sabulun wanke gashi. Tun ƙarshen shekarun 1990 ake yaɗa cewa yana kawo ciwon daji, yanzu ma maganar kan zagayo a WhatsApp. Babu hujjar da ta tabbatar da haka, kuma hukumar IARC mai binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa shi cikin jerin masu haddasa cutar ba. Illarsa ta gaskiya ta fi wannan kusa da mu. Yana kwashe maiƙon da ke kare fata, har likitocin fata suna amfani da shi da gangan wajen tayar da ƙaiƙayi idan za su gwada maganin shafawa. Gwargwadon yawansa da daɗewarsa a jiki, gwargwadon ɓarnarsa. Wanda ya wanke kai ya ɗauraye cikin minti biyu bai cika ganin komai ba. Wadda ta yini hannunta cikin ruwan wanki, ga hunturu, ita ce za ka ga tafinta ya yi kaushi, gefen farce ya tsage, wani lokaci har da jini. Wani bincike da aka yi a Oslo ta ƙasar Nowe a 1994 ya nuna masu yawan gyambon baki sun samu sauƙi da suka koma man goge bakin da babu SLS. Binciken da ya biyo baya bai zo da murya ɗaya ba, amma mai wannan matsala ba ya asarar komai in ya gwada.

Akwai ɗan'uwansa SLES, wanda ya fi sauƙi a fata, sai dai wajen sarrafa shi akan samu ɓurɓushin wani sinadari mai suna dayoksen, wanda IARC ta sa cikin waɗanda ake zargin suna iya kawo ciwon daji. Masana'anta mai kayan aiki tana iya tace shi, shi ya sa jihar New York ta Amurka ta yi doka cewa daga ƙarshen 2023 kada ya wuce kashi 1 cikin miliyan a kayan wanka da na wanki. A nan ne lamarin ya shafe mu sosai. Koyar da haɗa sabulun ruwa ya zama ruwan dare a shirye-shiryen koya wa mata da matasa sana'a. Ana sayen salfonik asid, kostik soda, Texapon (wato SLES ɗin nan) da abin ƙara kumfa a ƙulle cikin leda, sau da yawa babu takarda, babu sunan kamfani, a auna da murfin kwalba, a dama a baho da muciya, hannu babu safa. Wasu ma ana koya musu ɗiga fomalin don kada sabulun ya lalace, shi kuwa ruwan sinadarin da IARC ta tabbatar yana kawo ciwon daji ne. In soda ta yi yawa a haɗin, fatar mai saye ce ke biya, kuma babu wanda ya gwada kafin a kai kasuwa.

Bayan ɗauraya kuma ruwan yana da inda yake zuwa. A shekarun 1950 kumfa ta riƙa taruwa tuli a kogunan Jamus da Ingila da Amurka, saboda sinadarin wankin lokacin ba ya ruɓewa. Zuwa tsakiyar shekarun 1960 aka maye gurbinsa da LAS, wanda ƙwayoyin halitta ke iya cinyewa. Masu sayarwa kan kafa hujja da wannan su ce an gama da matsalar. Abin da ba a faɗa shi ne LAS sai da iska yake ruɓewa da kyau, kamar yadda ake samu a matatar ruwan ƙazanta. A kwatar da ta toshe, ruwa baƙi ƙirin yana kwance, aikin tafiyar hawainiya yake yi. Tafkin Bellandur a birnin Bengaluru na Indiya ya nuna ƙarshen wannan hanya: kumfa ta hau kan titi, tafkin ma ya kama da wuta a 2015 da 2017. A Kano ruwan gidajen cikin birni yana gangarawa Jakara, ya haɗu da Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, ya nufi madatsar Wasai, a hanya kuma masu lambu suna ban ruwa da shi. Sinadaran kumfa suna lalata mashaƙar kifi, fosfet ɗin da ke cikin wasu garin sabulu kuma yana ciyar da gansakuka har ta shanye iskar ruwa. Tarayyar Turai ta taƙaita fosfet a sabulun wanki tun 2013.

Wani zai ce a ƙasar da kwalara da gudawa ke kashe yara, tsoratar da mutane daga sabulu ganganci ne. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a daina wanke hannu, domin amfaninsa ya ninka duk illar da aka lissafa. Abin da ake nema a rage shi ne kumfar da aka ƙara don burge ido. Wani kuma zai ce a koma sabulun salo. Yana ruɓewa da sauri, wannan a yaba masa, amma tokar da ake yin sa da ita tana da zafi, shi ma yana busar da fatar wasu. Batun cewa sa ido zai kashe sana'ar mata kuwa, sana'ar da ke ƙona hannun mai yi da na mai saye ba ta da tsawon rai. Gwamnatoci da ƙungiyoyin da ke ɗaukar nauyin horarwa su haɗa da ma'auni, safar hannu da takardar gwajin ƙarfin soda, su cire fomalin daga darasi. Hukumar NAFDAC kuma ta fara daga shagunan da ke sayar da sinadaran a leda, ta tilasta musu rubuta suna da ƙarfin abin da ke ciki.