Daga Fataskum Zuwa Ingila: Sai Baki Ya Saba

Garin Fataskum na Jihar Yobe ya yi suna wajen kasuwar shanu da manyan motocin da ke sauke kaya a Ikko da Badun. To, ban da fatake, akwai samari da 'yan mata masu neman karatu ko aikin jinya a Ingila. Kafin a ba su hanya, akan nemi su ci jarrabawar Turanci irin ta IELTS, wadda aka fara a 1989.

Ɓangaren magana shi ne abin tsoro. Minti 11 zuwa 14 ne, gaba da gaba da mai jarrabawa. Da fari a tambayi ɗalibi labarin gida da aiki. Sannan a ba shi batu da minti 1 na shiri, ya yi bayani har minti 2. Daga ƙarshe a tattauna. Hukumar ma'aikatan jinya ta Ingila maki 7 cikin 9 take nema a nan.

Wahalar tana cikin sunan garin ma: a takarda Potiskum, a baki Fataskum, don Hausa ba ta raba p da f. Sai "pull" ta koma "full". Amma ba a ce sai ɗalibi ya yi magana kamar ɗan Landan ba. A dai gane shi, ban da inda-inda.

Saboda haka 'yan'uwa mazauna Kudu masu aika kuɗin rajista gida su haɗa da hira ta waya cikin Turanci, ko minti 10 a rana. Hadda ba ta fid da mutum, sai baki ya saba. Allah Ya ba da sa'a, amin.