Jijiya da Tsoka: Yadda Jikin Ɗan'adam Yake Motsi



Mai yiwuwa ne wani ya yi mamakin ganin malamin Hausa ya shiga fagen likitoci. Abin da ya jawo haka kalma ce guda ɗaya, watau "jijiya", wadda muke kiran abubuwa uku mabambanta da ita. Idan mutum ya tayar da jijiyar wuya wajen gardama, hanyar jini ce ta kumbura. Idan mahauci ya ce nama ya cika jijiya, yana nufin farin zaren nan mai tauri da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin agara ta bayan diddige. Idan kuwa likita ya ce jijiya ta mutu, abu na uku yake nufi, watau siririn zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Ba Hausa kaɗai ke da wannan haɗin ba. Girkawan dā ma da suna ɗaya suke kiran agara da jijiyar saƙo, sai wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa wani likita a Iskandariyya, mai suna Hirofilus, ya rarrabe su ta hanyar feɗe gawa. A wannan lacca za mu kira su jijiyar jini, da agara, da jijiyar saƙo.

1. Tsoka

Tsokar jikin mutum iri uku ce. Akwai tsokar zuciya, wadda ba ta hutawa tun mutum yana ciki har ranar ajalinsa. Akwai ta hanji da tumbi da bangon jijiyoyin jini, wadda ke aiki ba da saninmu ba. Sa'an nan akwai ta jikin ƙashi, wadda muke sarrafawa yadda muka ga dama, kuma adadinta ya haura 600.

Ita tsoka abu ɗaya ta iya, shi ne ja. Ba ta iya turawa. Saboda haka ne aka jera tsokoki kishiyoyin juna. Alal misali, idan mace ta ɗaga taɓarya, ƙwanjin gaban damtse ne ke tsukewa ya lanƙwasa gwiwar hannu, na baya ya saki. Idan za ta sauke ta cikin turmi da ƙarfi, sai na baya ya ja, na gaba ya saki. A shekarar 1954 masana suka bayyana yadda tsukewar take aukuwa: a cikin kowane silin tsoka akwai zaruruwa iri biyu, aktin da mayosin, waɗanda ke zamewa cikin juna kamar yatsun hannu biyu idan an sarƙe su, tsoka ta gajarce ta yi kauri. Sai dai duk ƙarfin ƙwanjin ɗan dambe, ba zai motsa ba sai an ba shi umarni.

2. Hanyar saƙo

Umarnin daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, wadda ke da ƙwayoyin saƙo kimanin biliyan 86. Daga nan ya gangara ta cikin laka, wadda ke ɓoye a cikin ƙashin baya. Jijiyoyin saƙo tagwaye 12 ne ke fita daga ƙwaƙwalwa kai tsaye, tagwaye 31 kuma daga laka. Wasu silayensu na kai umarni ga tsoka, wasu na komo da labarin zafi da sanyi da taɓi. Ashe Bahaushe bai yi kuskure ba da ya ce wa mai sanyin jiki ba shi da laka.

To, mene ne ke tafiya a cikin jijiyar? Ɗan ƙaramin lantarki ne. Luigi Galvani na ƙasar Italiya ya buga sakamakon gwajinsa a 1791, inda ya nuna cewa ƙafar mataccen kwaɗo tana harbawa idan lantarki ya taɓa jijiyarta. A manyan jijiyoyi saƙon kan yi gudun mita 120 cikin daƙiƙa ɗaya. Amma jijiya ba ta manne da tsoka ba, akwai 'yar tazara tsakaninsu. Da saƙo ya iso bakin tazarar, sai jijiya ta saki wani sinadari, asitilkolin, shi ne zai ƙetare ya ta da tsoka. A kan wannan bincike Otto Loewi da Henry Dale suka sami kyautar Nobel a 1936.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mu riƙe. Na ɗaya, ba kowane saƙo ke jiran ƙwaƙwalwa ba. Idan hannu ya taɓa garwashi, laka ce ke ba da umarnin janyewa, kafin ma mutum ya ji zafin sosai. Na biyu, yawancin hanyoyin umarni suna gittawa a gindin ƙwaƙwalwa, ta yadda ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ke sarrafa daman jiki, na dama kuma ke sarrafa hagu.

3. Inda hanya ke yankewa

Da wannan bayani za mu iya fahimtar cututtuka uku da kowa ya sani. A shanyewar ɓarin jiki, jijiyar jini ce ke toshewa ko fashewa a cikin ƙwaƙwalwa, galibi sanadin hawan jini. Hannun da ya shanye lafiyarsa lau, mai ba shi umarni ne ya sami rauni. Don haka wanda ya tsaya shafe hannun da man zafi ya bar ciwo a wani wuri yana magani a wani wuri. Idan toshewa ce, maganin narkar da gudan jinin yana amfani ne cikin wajen sa'a huɗu da rabi na farko, saboda haka karkacewar baki ko sarƙewar harshe alama ce ta a garzaya asibiti.

A shan-inna kuwa, ƙwayar cuta ce ke kashe ƙwayoyin umarni a cikin laka. Yaron yana jin taɓi a ƙafar, amma ba ya iya motsa ta, tsokar da ta daina samun saƙo kuma sai ta rame. A 2016 aka ga asalin nau'in cutar na ƙarshe a Nijeriya, a Jihar Borno, a 2020 kuma aka bayyana cewa Afirka ta rabu da shi. Duk da haka wani nau'in yana ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci, shi ya sa ba a daina ɗiga wa yara maganin ba.

A kuturta, jijiyoyin saƙo na fata da hannu da ƙafa ne ke lalacewa. Mutum ya taka ƙaya ko ya ƙone bai sani ba, gyambo ya ci, yatsu su gutsure. Cutar tana warkewa da magani cikin wata 6 zuwa 12, kuma wanda ya zo da wuri yakan tsira da yatsunsa.

4. Kammalawa

Mun ga cewa ƙwaƙwalwa ce ke umarni, laka da jijiyar saƙo su kai, tsoka ta ja, agara ta isar da jan zuwa ƙashi, jijiyar jini kuwa ta ciyar da su duka. Roƙona ga ɗalibai masu nazarin harshe, da ma'aikata masu fassara sanarwar lafiya a ofisoshi da gidajen rediyo, shi ne duk lokacin da za ku rubuta "jijiya", ku faɗi wacce kuke nufi. Majinyacin da aka ce masa "ciwon jijiya ne" kurum, bai san ko ɗori zai nema ko awon jini ba.