Aman Jini da Kumburin Ciki ga Masu Ciwon Hanta

Cikin masu neman agajin jinya daga Kakuri, Makera da Barnawa akwai waɗanda ciwon hanta ya daɗe a jikinsu. Idan hanta ta taurare, galibi sanadin cutar hepatitis B, jinin da ke tasowa daga hanji ba ya samun hanyar ratsa ta. Sai ya taru, saifa ta kumbura, ruwa ya cika ciki, jijiyoyin hanyar abinci su buɗe har su fashe.

Aman jini ko baƙin bayan gida ba sammu ba ne. A garzaya asibiti, domin jinkirin sa'o'i kaɗan kan jawo asarar rai. Sai a 2004 rigakafin cutar ya shiga jadawalin alluran jarirai a Nijeriya. Muna roƙon kwamitocin masallatai su kwaɗaitar da waɗanda aka haifa kafin nan su yi gwajin jini.