Tsohon kwalekwalen faiba: daga ciki yake ruɓewa

Masu sayen tsohon kwalekwalen faiba a Legas ko Fatakwal, ga shawarata. Faiba ba ya ruɓewa, katakon cikinsa ne ke ruɓewa: bangon baya mai ɗauke da inji, da dogayen katakan ƙarƙashin daɓe. Ruwa kan shiga ta ramukan kusoshi.

Ni da guduma nake ƙwanƙwasawa. In ƙarar ta mutu, to akwai ruɓa. Wajen gyara, sai a tokare jirgin kada ya lanƙwashe, a yanke fatar ciki, a ƙwaƙule ruɓaɓɓen, a busar, a sa filawud mai jure ruwa, a lulluɓe da zaren faiba da gam.

Kar ku yarda da facin ƙarfe kawai. Bangon na iya ɓallewa da injin, ga fasinjoji a tsakiyar ruwa.