Ƙwan Fitila Da Ya Jawo Faɗuwar Jirgin Sama

Lokacin sauka yana cikin lokutan da suka fi hatsari a tafiyar jirgin sama. A sa'an nan ƙasa tana kusa, aiki ya yi wa matuƙa yawa, kuma babu sararin gyara kuskure. Sau da yawa injin jirgi lafiyarsa ƙalau, hankalin matuƙa ne yake rabuwa. Ga misali daga Amurka.

Ran 29 ga Disamba 1972 da dare, wani jirgin kamfanin Eastern Air Lines, ƙirar Lockheed TriStar, ya taso daga birnin Niyok zuwa Mayami ɗauke da mutum 176. Da ya kusa isa, matuƙa suka saki ƙafafunsa. A gabansu akwai ƙananan fitilu masu kore, waɗanda ke nuna cewa kowace ƙafa ta fito ta kafu. Fitilar ƙafar gaba ba ta kama ba.

Sai suka fasa sauka, suka hau sama kamar mita 600, suka bar wa na'urar tuƙi mai sarrafa kanta aikin riƙe jirgin. Babban matuƙi da mataimakinsa suka duƙufa a kan fitilar, aka kuma tura injiniya ya leƙa ƙafar ta wani ɗaki da ke ƙarƙashinsu. Masu bincike sun yi imanin cewa cikin wannan hali ne babban matuƙi ya taɓa sandar tuƙi bai sani ba, na'urar ta daina riƙe tsayin jirgin.

Jirgi ya riƙa yin ƙasa sannu a hankali. Daren ba farin wata, ƙarƙashinsu kuwa fadamar Everglades ce, babu hasken gari ko kaɗan. Ƙararrawar gargaɗi ta buga, ba wanda ya kula. Kafin su farga, lokaci ya ƙure. Jirgin ya faɗa cikin fadamar, mutum 101 suka rasu.

Bincike ya nuna cewa ƙafar ta fito daidai, ƙwan fitilar ne ya ƙone. Garin neman gira aka rasa ido: kowa yana duba fitila, ba mai tuƙa jirgi.

Wannan hatsari yana cikin waɗanda suka sa kamfanonin jiragen sama suka sake tsarin horar da matuƙa. Yanzu ana koya musu raba aiki: in matsala ta taso, ɗaya ya ci gaba da tuƙi, ɗaya ya nemi magani. Ana kuma koya wa ƙaramin ma'aikaci ya yi magana in ya ga babba zai yi kuskure.

Tambayoyi

1. Me ya sa matuƙa suka fasa sauka?
2. Don me ba su lura jirgin yana yin ƙasa ba?
3. Bayyana ma'anar “duƙufa” da “farga”, ka sa kowace cikin jimla.